Hawa jirgin ruwa a Kudu: dokokin da fasinja da mai neman lasisin tuƙi ya kamata su sani

Duk wanda ya taɓa kwana a gosulon Ikorodu ko Apapa ya san abin da ya sa mutanenmu suka fara komawa hanyar ruwa. Tafiyar da kan ci awa biyu ko uku a mota daga Ikorodu zuwa CMS, jirgi kan yi ta cikin ƙasa da awa guda.  Sai dai ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma da yawanmu ba mu iya iyo ba.

Hukumar da ke kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ita ce NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedikwatarta na Lokoja. Ita ke yi wa jirage rajista, ta kuma ba matuƙa lasisi. Legas na da tata hukumar, LASWA, tun 2008. Dokokinsu ga fasinja ba su da yawa, amma kowacce akwai rayukan da aka rasa a bayanta.

Ta farko, ba rigar ruwa, ba shiga jirgi. Ba riƙe ta ake yi a hannu ba, kuma ba matashin zama ba ce. A saka, a ɗaure igiyoyin tamau. In ta yi maka yawa, ko ta yage, ka ce a canza maka. Yaro kuma a nema masa daidai jikinsa, don ta babba zamewa za ta yi ta kansa. Mai babbar riga da mai dogon hijabi su ɗora rigar ruwan a sama, domin tufa in ta jiƙe takan naɗe hannu da ƙafa.

Ta biyu, ba tafiyar dare. NIWA ta hana ƙananan jirage tashi daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. A watan Yulin 2022 wani jirgi ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe da almuru, ruwa ya ja shi ya haɗa da wani babban jirgin dakon kaya da ke tsaye, fiye da mutum 10 suka rasu.

Ta uku, lodi. Hatsarin Patigi na watan Yunin 2023, inda sama da mutum 100 suka rasu a hanyarsu ta dawowa daga biki, ya haɗa dare da lodin da ya wuce kima. In ka ga bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, sauka ka jira na gaba. Ka rubuta sunanka da lambar ɗan'uwanka a takardar fasinjoji, kuma a Legas ka riƙe lambobin gaggawa, 112 da 767.

To, ga mai son koyon tuƙi fa, ko don sana'a ko don yawon shaƙatawa? Tun da aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022, duk hanyar neman halak abin dubawa ce. Ka je ofishin NIWA na yankinka da ƙafarka, ban da 'yan kamasho. Kafin gwaji, ka haddace waɗannan, domin su ne tushen dokar tuƙi a ruwa a duk duniya tun yarjejeniyar 1972.

Fitilu: ja a gefen hagu, kore a dama, fara a baya. In jirage biyu masu inji suka yi gaba da gaba, kowa ya karkata damansa. In hanyarku ta gitta juna, wanda ya ga ɗan'uwansa a damansa shi zai ba da hanya. Mai son wuce wani shi ke da alhakin kaucewa. Ƙaramin jirgi kuma ba ya tare wa babba hanya a matsattsen wuri irin mashigar Apapa, saboda jirgi ba shi da birki.

Sai hon: gajeren busa ɗaya, na juya dama; biyu, na juya hagu; uku, na sa inji baya; biyar, ban gane nufinka ba, yi hattara. Alamomin da ke yawo kan ruwa kuwa, in kana shigowa daga teku, ja na hagunka, kore na damanka.

Kafin tashi, duba mai, inji, na'urar kashe gobara, anga, filafili da abin kwarfe ruwa. Ka san lokacin da ruwan Legas ke cika da lokacin da yake janyewa, abin da ba mu saba gani a kogunan gida ba. Ka rage gudu inda kainuwa da shara suka taru, don sukan naɗe farfelar inji.

Ajali na Allah ne, ba musu. Amma direban da ya ɗebi mutane amana ya ɗauka, fasinja kuma na da ikon cewa ba zai hau ba. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.