Ɗaura Wa Tsohon Keke Birkin Faifai: Inda Gwaninta Ta Ƙare, Ganganci Ya Fara

Tun zamanin da Raleigh da Phoenix suke sarautar hanya, birkin keke bai wuce roba biyu masu matse bakin wili ba. Al'amarin ya soma sakewa sosai a shekarar 1997, sa'ad da kamfanin Hayes na Amurka ya fito da birkin faifai mai aiki da mai domin kekunan hawan tsaunuka. Shi wannan birki wani faifan ƙarfe yake kamawa, wanda aka ɗaure a jikin hob, watau cibiyar wili. Laka da ruwan sama ba su cika rage masa ƙarfi ba, kuma ko wili ya ɗan karkace yana ci. A shekarar 2018 hukumar tseren keke ta duniya ta amince da shi a gasar kan titi. Sabo da haka ba abin mamaki ba ne mai tsohon keke ya nufi wurin mai walda, yana neman a ƙera masa mazaunin da za a ɗaure mamatsin birkin a kai.

Aikin yana yiwuwa, amma ba aikin kintace ba ne. Mazaunin da ya fi sauƙin ƙerawa fallen ƙarfe ne mai kaurin milimita 5 zuwa 6, da huji biyu waɗanda tsakaninsu milimita 51 ne daidai, kowanne yana ɗaukar ƙusa mai kaurin milimita 6. Tilas kuma a sami hob mai wurin ɗaura faifai, domin na tsohon yayi ba shi da shi. Gwanin maƙeri yakan fara yanka siffar mazaunin a kwali, ya gwada, kana ya fitar da ita a ƙarfe. Daga nan sai ya sa wili da faifansa a keke, ya matse mamatsin a kan faifan, ya ɗaure mazaunin a jikinsa, ya ɗiga walda kaɗan don ya tsaya. Sai ya kwance kome da kome kafin ya gama waldar, gudun kada zafi ya lalata birkin. Kuskuren milimita ɗaya ya isa ya sa faifai ya dinga gugar birki har abada.

To, amma babbar magana ba ta awo ba ce, ta nauyi ce. Birkin roba a bakin wili yake kamawa, shi kuwa faifai mai faɗin milimita 160 kusa da cibiya yake. Don haka kafin ya tsai da keke sai ya yi ƙarfi wajen ninki huɗu, kuma dukan wannan ƙarfi a gefen hagu kaɗai yake sauka, kan bututun da kaurin bangonsa sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. Shi ya sa a ƙafar baya masu sanin aiki sukan ƙara ɗan guntun ƙarfe tsakanin sanduna biyun da suka haɗu a bakin wili, domin su raba nauyin. Wannan kuwa a keken ƙarfe ne kawai. Na alminiyon walda tana raunana shi, sai an sake gasa shi a tanderu na musamman, abin da babu shi a rumfar bakin hanya.

Fok na gaba shi ne inda rai yake. Wanda aka yi domin birkin roba siriri ne daga ƙasa, da gangan aka yi shi haka don ya riƙa lanƙwasa yana shanye gargada. Idan aka liƙa masa mazauni a nan, ƙafarsa ta hagu tana iya tanƙwarewa, ko ta tsage a gefen waldar. Har ila yau, da yake mamatsin a bayan fok yake zama, duk lokacin da aka kama birki sai ya tura sandar wili ƙasa, watau ta inda bakin fok yake a buɗe. In ɗaurin ya yi sako-sako, wili na iya ficewa ana cikin gudu. Wannan na cikin dalilan da suka sa kekunan zamani da yawa suka koma ga sanda mai ratsa rufaffen rami.

Birkin baya in ya ɓalle, mahayi yakan tsira da na gaba. Fok kuwa in ya karye a gangara, fuska ce take fara isa ƙasa. Masu iya magana sun ce garin neman gira akan rasa ido. Wanda ya ƙwallafa rai a kan birkin faifai, ya bar mai walda ya gwada gwanintarsa a baya, amma na gaba ya sayi fok da aka ƙera domin wannan aiki tun daga masana'anta. In kuwa kuɗin bai samu ba, sabuwar roba da sabuwar waya sun isa su tsai da keke, kamar yadda suka daɗe suna yi.