Kayan Raƙumi Ba Na Jaki Ba Ne: A Sabunta Akwatin Wuta

Wutar lantarki, wadda jama'a ke kira kuran, ta shiga gidaje da yawa a Birnin Ƙonni, da Malbaza, da Illela. Kamfanin Nijelek, wanda aka kafa a shekarar 1968, shi ke raba ta. A shekarar 2018 kuma aka buɗe tashar wutar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza. Wannan ci gaba ne. Amma akwai haɗarin da ke ɓoye a bangon gidaje da yawa: tsohon akwatin wuta.

Mene ne akwatin wuta?

Wuta tana fitowa daga turken waya, ta biyo ta kontar, wato abin da ke ƙirga wutar da gida ya sha. Daga nan sai ta shiga akwati. Akwatin shi ke raba ta ɗaki ɗaki, kamar yadda babbar hanyar ruwa ke raba ruwa fangali fangali a garkar albasa. A cikinsa akwai fiyus, ko makunnin tsaro da ma'aikata ke kira dijontar. Aikinsu ɗaya ne: idan kaya ya yi yawa, su yanke wuta kafin waya ta ƙone.

A da, gida yana da ƙwan wuta biyu da rediyo. Yau an sayar da albasa, ko an sayar da rago, an sayo fanka, da telebijin, da firiji, da dutsen guga. Kaya ya ƙaru, amma akwati da waya na da ne. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan.

Ga lissafi

Ana auna cin wuta da wat. Ƙarfin wutar gida bolt 220 ne. Makunnin tsaro mai ampa 15 yana ɗaukar wat 3,300. To, a duba wannan misali:

Ƙwan wuta 5 na zamani: wat 50.
Fanka 2: wajen wat 120.
Telebijin: wajen wat 80.
Firiji: wajen wat 150.
Dutsen guga: wajen wat 1,000.
Abin dafa ruwa: wajen wat 2,000.

Duka sun kama wat 3,400. Sun wuce ƙarfin makunnin. Idan an kunna su gaba ɗaya, makunni yana iya faɗuwa, wuta ta ɗauke. Makunnin bai lalace ba. Aikinsa ya yi.

Babban kuskure

Idan fiyus ya ƙone, wasu suna ɗaura guntun waya mai kauri a madadinsa. Wasu suna tokare makunni da tsinke don kada ya faɗi. Wannan daidai yake da ɗaure bakin karen da ke gadin garke. Wuta za ta ci gaba da gudu, waya ta yi zafi cikin bango, robar jikinta ta narke. Inda akwai zana, da kara, da rumbun hatsi kusa, tartsatsi ɗaya ya isa, balle lokacin iskar hunturu. Noman shekara guda yana iya zama toka kafin a ɗebo ruwa.

Alamun da mai gida zai lura da su

1. Makunni yana yawan faɗuwa.
2. Haske yana raguwa idan firiji ya tashi.
3. Ana jin warin ƙonar roba.
4. Wurin jona kaya ya yi zafi ko ya yi baƙi.
5. Jikin firiji yana jan mutum idan an taɓa.

Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, kada ya jira gobe.

Yadda ake gyara

Da farko, mai gida ya ƙirga kayansa duka, har da wanda yake niyyar saye bayan kaka. Sa'an nan ya kira ma'aikacin wuta wanda ya koyi aikin. Shi zai sa sabon akwati, ya ba kowane sashe makunninsa: na haske dabam, na manyan kaya dabam. Wayar haske ta zama mai lamba 1.5, ta wurin jona kaya mai lamba 2.5. A sa makunnin kare rai mai lamba 30, wanda ke yanke wuta nan take idan ta kama mutum. A kafa ƙarfe cikin ƙasa, a haɗa shi da akwati. A ɗaga akwatin inda yara da ruwan damina ba su kai.

Idan ƙarfin kontar ne ya kasa, sai a je ofishin Nijelek a nemi ƙari. Kontar ta kamfani ce, ba a kwance ta. Injin niƙa da babban injin ban ruwa kuwa ba a jona su da wutar ɗaki. Suna buƙatar nasu layi. Haka kuma, jan waya ta kan katanga zuwa gidan maƙwabci yana ƙara wa akwati kayan da ba a lissafa ba.

Gyara yana cin kuɗi, gaskiya ne. Amma kuɗin akwati bai kai kuɗin rumbu ba, balle ran yaro. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan labari, su yi lissafin gidajensu tare. Rigakafi ya fi magani.