Idan Gyambon Sankarar Mama Ya Ɓalle da Jini

Hausawa na kiran cutar "daji", kuma tare da sunan muka gaji camfin cewa ba ta son allura. Camfin nan ne ke tsare mata a ɗaka har ƙarin ya fashe ya zama gyambo, ya ci jijiyoyin jini. A Kaoje, cikin ƙaramar hukumar Bagudo daf da iyakar Benin, inda Birnin Kebbi ke da nisan sa'o'i, mai jinya ce likitar farko.

A danne wurin sosai da ƙyalle mai tsafta, minti 10 zuwa 15, ba ɗagawa. In ya jiƙe, a ɗora wani a kansa. Wanda ya manne kuwa, kada a fizge shi. Ban da toka ko garin magani. Ban da asfirin da diclofenac, domin suna ƙara zubar jinin.

Sauran aikin na asibiti ne: ƙarin jini, maganin tranexamic acid, da gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. Shi maganin ba shi da tsada. Ya kamata gwamnatin Kebbi ta wadata asibitocin Bagudo da shi.