Maganin damina na yara a Guéné: gaskiya da ƙage

Da zarar ruwa ya zauna, wajen watan Yuli, masu rabon magani kan fara bin gidaje a Guéné da ƙauyukanta da ƙwayoyin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, wanda mutanen nan suka fi kira palu. Tun 2019 ake wannan aiki a yankin lafiya na Malanville da Karimama, ɗaya daga wuraren da Jamhuriyar Benin ta fara da su, kuma duk wanda ya kwana kusa da gonakin shinkafar bakin Kwara ya san dalili. Sai dai maganganu kan riga masu rabon isa gida. Wasu ƙarya ce tsagwaro, wasu kuwa gaskiya ce da ba a faɗa wa iyaye da wuri ba.

"Yana sa yaro amai." Wannan gaskiya ne. Magunguna biyu ake haɗawa, kuma ɗayan, amodiyakin, yana da ɗaci. Wani yaron kan yi amai, ko ciwon ciki, ko ya wuni jiki a mace. Yawanci yana wucewa. In ya amayar cikin rabin awa, ƙa'ida ita ce a sanar da mai rabon a sake ba shi. Abin da ba a wasa da shi, ko da yake da wuya ya faru, shi ne ƙuraje masu saɓule fata, ko gyambon baki da jan ido: nan sai a dakata, a nufi asibiti. A ganina mai rabon da ya ce wa uwa "Hajiya, ba ya yin komai" don kada ta ƙi karɓa, shi ne ya shuka jita-jitar. Yaro na yin amai da yamma, ta daina yarda da sauran maganarsa, kuma kafin ranar kasuwa kishiyarta da maƙwabta duk sun ji.

"Ana so a hana 'ya'yanmu haihuwa." Ƙage ne. Waɗannan magunguna sun yi shekaru gommai a kantunanmu, ɗaya daga cikinsu ma shi ne Fansidar da ake ba mata masu juna biyu a wurin awo. Amma tsoron yana da asali, bai kamata a yi masa dariya ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya shafi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, aka kai ga shari'a, aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wannan ya faru. Sai dai a tuna abin da ya biyo baya: a 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin hana haihuwa, zargin bai tabbata ba, cutar kuwa ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka rabu da ita, har da Benin. Maganin damina ba gwaji ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2012, kuma shi ake rabawa a Nijar da arewacin Najeriya.

"Ɗan wance ya sha, ya kuma kamu." Yana yiwuwa. A binciken da aka dogara da shi, maganin ya rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin ɗari, ba duka ba, kuma ƙarfinsa na kimanin mako huɗu ne, shi ya sa ake komowa wata-wata. Sau da yawa ma matsalar tana cikin ɗaki: kwana uku ake sha, na farko a gaban mai rabon, biyu a hannun uwa. Sai a soke sauran a jikin rufin ɗaki "don ranar zazzaɓi", ko a ɓalla wa yayansa. Na rigakafi ne, an auna shi ga 'yan wata 3 zuwa 59, ba na warkarwa ba.

Batun cewa sabuwar masara ko nono ne ke kawo palu, lokacinsu ne kawai ya zo ɗaya da na sauro.

Ba kowane yaro ake ba wa ba. Mai zazzaɓi a ranar, gwajin jini ya kamata a fara yi masa. Wanda ke shan Bactrim, ko wanda irin wannan magani ya taɓa fesa wa ƙuraje, a faɗa wa mai rabon tun kafin ya ɓare ƙwayar. Allurar rigakafin palu da Benin ta ƙaddamar ranar 25 ga Afrilu, 2024 ba ta soke wannan magani ba, ba ta kuma soke gidan sauro ba.