Waɗansu Kalmomin Turanci Masu Farawa da Harafin A

Na lura da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai, in sun sami sabon ƙamus, sai su ɗaura niyyar haddace shi tun daga A har Z. Niyyar tana da kyau, amma fa aiki ne ja. Babban ƙamus na Oxford ma, kashinsa na fari da aka buga a 1884 daga A zuwa Ant kaɗai ya kai, kuma ba a gama shi ba sai 1928. Saboda haka na tsinto 'yan kalmomi kaɗan waɗanda kowane malami zai gamu da su a aji, don in nuna cewa ba kullum ne kalmar Turanci ta ke da takwara guda ɗaya tak a Hausa ba.

Mu fara da ƙaramarsu, watau "a" da 'yar'uwarta "an". Yara sukan fassara su da "wani" ko "wata", amma sau da yawa Hausa ba ta bukatar kome a gurbinsu. "I am a teacher" ma'anarsa "Ni malami ne". In ka ce "Ni wani malami ne", ai ka shiga fariya. Wajen zaɓe tsakaninsu kuwa, kunne a ke bi, ba ido ba. Ana cewa "an hour" domin ba a furta h ɗin, ana kuma cewa "a university" domin sautin "yu" ne a farkonta.

Sai "arm". Mu duka hannu mu ke cewa, amma Bature ya raba shi biyu. Daga kafaɗa zuwa wuyan hannu shi ne "arm", daga nan zuwa yatsu kuwa "hand". Bugu da ƙari, "arms" takan zama makamai. Wanda ya karanta labarin yaƙi bai san haka ba, sai ya yi tsammanin soja sun ajiye hannuwansu a ƙasa.

"Aunt" kuma akasin wannan ce, nan mu ne muka fi su rarrabewa. 'Yar'uwar uba goggo ce, 'yar'uwar uwa inna ce, ga kuma matar kawu da matar baffa, amma Bature duk "aunt" ya ke kiransu. Sai an duba sauran maganar kafin a san wadda a ke nufi.

Haka "ask" ta ke da fuska biyu. "Ask him his name" tambaya ce. "Ask him for water" kuwa roƙo ne, 'yar kalmar nan "for" ita ta juya ma'anar. "About" ma haka: "a book about Kano" littafi ne game da Kano, amma "about ten boys" yara ne kimanin goma.

Akwai kuma tagwaye masu ruɗa ɗalibi ran jarrabawa, "advice" da "advise". Ta farko suna ce, watau shawara, ana ƙare ta da sautin s. Ta biyu aikatau ce, watau ba da shawara, ana ƙare ta da sautin z.

To, waɗanda na fi jin tsoro su ne kalmomin da muka ara. "Allowance" ta zama alawus, ba ta da wuya. Amma "address", wadda ta ba mu adireshi, tana kuma nufin jawabin da babban mutum ya ke yi wa taro. Mafi muni ita ce "ambulance". Yaro yana jinta sai ya tuna da ambulan da a ke sa wasiƙa, alhali ambulan daga "envelope" muka samo ta. "Ambulance" motar ɗaukar marasa lafiya ce. Dubi irin ɓarnar da wannan za ta yi ran da aka aiki yaro da gaggawa!

Kada kuwa mu ji kunyar aro, su ma Turawan sun ara. "Algebra" daga Larabci ta fito, daga "al-jabr" na sunan littafin da Al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820.

Abin da na ke roƙon 'yan'uwana shi ne, in mun fita koyarwa, kada mu rubuta kalma a allo mu sa mata Hausa guda a gefe mu wuce. Mu sa ta cikin jimla biyu ko uku, yaro ya ga yadda ta ke sauyawa, sa'an nan shi ma ya ƙago tasa. Kuskuren ɗalibi nasa ne shi kaɗai, amma na malami aji guda ne zai kwashe shi ya tafi da shi gida. Icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya sa mu zama malamai masu amfani, amin.