Dokin Ƙarfe a Turke

Wagadugu gari ne na masu taya biyu. Manyan titunansa da dama an ware musu gefe na babura da kekuna, kuma in ka tsaya a mararraba da hantsi za ka ga mata da goyo suna murza feda, ga 'yan makaranta, ga dattijo da buhun masara a kariya, ga mai kaji ya rataye su ƙafa a sama. Tambaya ce ƙarama ta kai ni Sankaryaaré, wata unguwa ta birnin da akwai Hausawa a cikinta: wa ke gyara duk waɗannan kekuna, kuma me sana'ar take bar wa mai ita yanzu da baburan Sin suka cika gari?

An san kasuwar unguwar da hatsi, gero da dawa da masara da wake, har masu bibiyar tsadar abinci a ƙasar farashinta suke dubawa. Abin da aka auna a nan, da yawansa a bayan keke yake isa gidaje. Da na isa aka gaisa, aka kawo ruwa, aka haɗa ni da wani yaro ya raka ni rumfar dattijon da aka ce ya fi kowa daɗewa a gyaran keke a layin.

Famfo da gam da guntayen tub suna nan a kan buhu, amma mai rumfar yana cikin gida, kuma tun daga zaure ake jin wani gunji mai tafiya bai ɗaya. A tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, wani saurayi ne da bai fi shekara ashirin ba yake tuƙa keken tsere da iyakar ƙarfinsa, keken kuwa ko taku ɗaya bai gusa ba. Gumi ya jiƙa ƙasan da ke ƙarƙashinsa. Yara sun yi da'ira, biyu suna yi masa fifita da kwali.

Ƙarfen da aka girke keken a kai aikin wani mai walda ne na bayan kasuwa. Bututu biyu sun riƙe tayar baya ta hagu da dama, ita kuma tana gurzar wani gajeren gungumen ƙarfe mai juyawa a kan boris. A ƙarshen gungumen dattijon ya sa aka liƙa tsohuwar fankar mota, saboda haka gwargwadon saurin mai tuƙi, gwargwadon iskar da fankar za ta kama, feda ta ƙara nauyi. Ɗan agogon da ke ƙirga kilomita kuwa da tayar baya aka haɗa shi, tunda ta gaba ba ta motsi. A jikin bango an ja dogon layi da gawayi: Wagadugu a farko, Zorgo a wajen kilomita 110, Kupela a 140, Fada N'Gurma a ƙarshe, 220. Saurayin ya hau bayan sallar asuba, ya kuma ɗauki alkawarin ba zai sauka ba sai don salla, har agogon ya cika nisan Fada. Da na shigo yana daf da Zorgo, wata yarinya tana riƙe da gawayi tana jiran a ce ta matsa alama.

A waya saurayin ya ga irin wannan gwajin juriya. A Turai da Amurka akwai masu girke keke a ɗaki su haɗa shi da kwamfuta, su yi tsere da mutanen da ba su taɓa gani ba ta manhaja irin Zwift, wadda ta fito a 2014. Da annobar korona ta kulle duniya a 2020, har gasar Tour de France aka yi wa kwaikwayo a kan allo a watan Yuli, kuma a Disamban shekarar hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko ta masu tuƙi a ɗaki. Wasu kuma sukan ɗaura aniyar hawan mita 8,848, tsayin dutsen Everest, ba tare da sun bar falo ba. Na'urorinsu ɗaruruwan dubban sefa ne. Na tsakar gidan nan kuɗin walda da boris biyu kawai ya ci.

Wanda bai gwada ba zai ɗauka tuƙi a tsaye ya fi sauƙi. A hanya iska tana busar da gumi, gangare yana ba ƙafa hutu, kwana da rami suna sa mutum ya ɗaga daga sirdi. A nan babu ko ɗaya. Da ka daina murzawa taya ta tsaya, agogo ya tsaya. Jikin ɗan Adam kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da yake ƙonawa ne ke zama motsi, sauran zafi ne, wanda dole ya fita ta fata. A irin rana ta Wagadugu mai tuƙi yakan zubar da lita guda ta gumi ko fiye a sa'a ɗaya. Shi ya sa aka jera robobin ruwa da aka sa wa gishiri da sukari, da dabino, da ayaba. Shi ya sa kuma aka shimfiɗa tsumma a kan keken, don gishirin gumi yana cin ƙarfe. Akwai fankar lantarki a gefe, amma an ɗauke wuta tun da safe, sai yaran suka karɓi aikinta bi da bi.

Da rana ta take, alama ta wuce Kupela, dattijon ya ja ni zaure muka zauna inda yake iya jin gunjin. Ya ce da kunne yake sanin halin da yaron ke ciki: in sautin ya fara rawa, ƙafa ta gaji. Na tambaye shi me ya sa Fada, me ya sa ba Kudugu ko Bobo ba.

"Malam, kakarsa ta wajen uwa tana can," in ji shi. "Rabonsa da ita tun yana ɗan yaro. Kuma hanyar nan tamu ce. Kakana da ayari ya biyo ta, da jakai, da kanwa da baƙin zane, za su Gwanja sayen goro. Daga ƙasar Hausa su ƙetare Kwara, su ratsa Gurma, su sauka Fada, su sauka Kupela. Wata da watanni suna tafe. Wani ya wuce Salaga, wani ya ga wuri ya yi masa ya zauna. Mu jikokin waɗanda suka zauna ne."

A Zangouettin aka haifi dattijon, tsohon zangon Hausawa da ke tsakiyar birni, wanda aka tashe shi a 2003 don aikin sabunta tsakiyar Wagadugu. Maƙwabtansa da yawa suka koma filayen da aka ba su a wajen Ouaga 2000 da Nioko, shi kuwa ya matso nan kusa da kasuwa saboda sana'arsa. Bai daɗe a kan wannan ba. Abin da yake so ya faɗa maganar hanya ce.

"Ina saurayi, da baƙin keke mai birkin ƙarfe na je Fada. Na tashi da asuba, na kwana Kupela a gidan wani mahauci, washegari kafin la'asar ina Fada. Ba wanda ya tambaye ni daga ina. In ƙishi ya kama ka, ka tsaya bakin rijiya, matan Mosi su miƙo maka ƙwarya. Wannan yaron ya fi ni ƙafa nesa ba kusa ba, ga keken da ko a mafarki ban hau irinsa ba. Amma in ce masa hau ka tafi? Da wane bakin zan gaya wa uwarsa?"

Tun wajen 2015 rashin tsaro ya fara cin arewa da gabashin Burkina Faso, har ƙididdigar 2023 ta nuna mutanen da suka bar gidajensu sun haura miliyan biyu. Motoci suna bin hanyar gabas, amma da addu'a ake shiga, kuma ba uwar da za ta bar ɗanta shi kaɗai a kan keke. Tseren Tour du Faso ma, abin alfaharin ƙasar, ya ji a jikinsa. Dattijon yana bakin titi a 1987, shekarar da aka fara shi, lokacin da wani ɗan Tarayyar Sobiyat ya lashe. Ya lissafa mini wasu 'yan ƙasa da suka ci da yatsunsa: Jérémie Ouédraogo a 2005, Rasmané Ouédraogo a 2012, Abdoul Aziz Nikiéma a 2013, Mathias Sorgho a 2018. Ya lissafa shekarun da ba a yi ba: 2014 saboda Ebola, 2020 saboda korona, 2022 saboda halin tsaro. Da aka dawo a 2023 Paul Daumont ya ci, kuma hotonsa ne saurayin ya yanko ya manna a ƙofar ɗakinsa. A da, in ji dattijon, tseren yana kaiwa Fada da Wahiguya, yara su fito daga ƙauyuka suna gudu a gefen titi.

"Mai tsere hanya yake ci kamar tuwo," ya ce. "In bai samu sa'a biyar, sa'a shida a kan sirdi ba, ranar tsere ƙafa za ta tona masa asiri. Masu kulob suna fita tare ta wajen Pô ko Kudugu, da babur a bayansu. Shi ba shi da kulob tukuna. Kwana shida yana dakon hatsi a kasuwa, in ya tashi magariba ta yi, titi ya cika da hayaƙi da babura. To ina zai samu hanya? Na ce bari in kawo masa ita gida."

Ya yi shiru yana sauraron gunjin, sannan ya faɗi abin da na ga ya fi damunsa. Ƙarfen nan yana gina ƙafa da huhu da haƙuri, amma ba ya koya wa yaro yadda zai ɓuya daga iska a bayan abokin tsere, ko yadda zai riƙe kan keke a jar hanya mai tsakuwa, ko yadda zai shiga kwana tsakanin mutum hamsin ba tare da ya taɓa birki ba. "Doki a turke yana ƙiba, amma sukuwa a fili ake koyonta," in ji shi. Duk da haka ya gwammace wannan da yaron ya zauna a majalisa yana shan shayi har burin ya huce.

Uwar saurayin ta leƙo da kwanon fura. Ta gaishe ni, ta ce wa dattijon, "Baba, ka ce ya sha wannan in ya sauko salla, tun safe ruwan gishiri kawai yake ɗura wa cikinsa." Na tambaye ta ko tana ganin amfanin wahalar nan. Ta ce ita ba ta san tsere ba. Abin da ta sani shi ne duk ranar da ya fita bayan gari da keken nan ba ta iya cin abinci sai ya dawo. "Wannan ƙarar tana hana ni barcin rana, amma muddin ina jin ta na san inda ɗana yake." Ita ma shekaru ke nan ba ta ga mahaifiyarta ba, sai murya a waya, sai ɗan saƙo in an samu direban da aka yarda da shi.

Da azahar ya sauko da ƙyar, ya yi alwala, ya yi salla, ya sha furar, ya koma. Kilomita 80 da ke tsakanin Kupela da Fada su suka fi ba shi wuya. Sau biyu jijiyar cinyarsa ta ɗaure, dattijon ya murza masa ita yana kan sirdi. Ba ya magana, sai dai ya ɗaga kai ya dubi bango. Wani mahauci maƙwabci ya shigo da tsire a takarda ya ajiye, 'yan dako abokan aikinsa suka zo suka tsaya a bakin zaure suna kiran "Saura ƙiris!" Na lura ba wanda ya yi masa dariya, har da tsofaffin da suka ce ba su gane tafiyar da ba a zuwa ko'ina ba. Unguwar da kakanninta fatake ne ta san darajar wanda ya ce zai kai zango kaza kuma ya dage sai ya kai.

Bayan la'asar agogon ya nuna 220. Yarinyar ta kai gawayi ƙarshen layi, yara suka kaure da ihu. Sai da aka riƙe shi ya sauka, ya zauna a tabarma ƙafafunsa suna karkarwa. Uwarsa ta kira Fada ta miƙa masa waya. Ya ce, "Kaka, na iso." Aka yi wa tsohuwar bayani, ta sa masa albarka mai tsawo, ta ce in Allah ya kawo lafiya ya zo da keken da kansa ta gani.

Da ya samu numfashi na tambaye shi abin da ya fi wuya. Ya ce ba ƙafa ba ce, bango ne. A hanya kana ganin itace yana matsowa, ka ce bari in kai wancan. A nan sai lamba, kuma in ka cika kallonta sai ta ƙi tafiya. Burinsa wani kulob ya gwada shi a tseren cikin gari, ya san yanzu cewa sa'o'i ba za su kayar da shi ba.

Dattijon bai tsaya murna ba. Ya kwance keken ya juya tayar baya a hannunsa: gungumen ya cinye ta har zare ya fito. Tayar keken tsere ba a samunta a kowace rumfa, sai a wajen masu kayan gwanjo na Turai, kuma kuɗin guda ɗaya ya kai abin da saurayin ke samu a dakon kwanaki. Nan ne ya amsa tambayar da na zo da ita. Faci ba ya ƙarewa a Wagadugu, in ji shi, mai keke talaka ne kuma kullum yana nan, sai dai abin da ake samu na cefane ne kawai. Tayar dai shi zai saya, yaron ya biya a hankali. Akwai wasu samari biyu daga unguwar Dapoya da suka roƙi a ba su ƙarfen ranar Lahadi mai zuwa, ya ce musu kowa ya zo da tsohuwar tayarsa, kuma sai ya canza boris ɗin hagu tukuna, don tun Kupela yake jin yana kuka.