Waƙoƙin Falle Ɗaya a Amurka da Waɗanda Suka Adana Su

Gabatarwa

Idan ana maganar rubutaccen adabi, littafi ne yake fara faɗowa a rai. Sai dai a Amurka akwai ɗimbin waƙoƙi da suka isa hannun jama'a ta wata hanya dabam. Ana buga su a fuska ɗaya ta fallen takarda guda, a bar bayan fari, sannan a sayar a bakin titi da kuɗi ƙalilan, ko a manna a bango, ko a raba kyauta. Da Ingilishi sunan irin wannan takarda broadside; a wannan maƙala za a kira ta waƙar falle ɗaya. Takarda ce ta biyan buƙatar yini guda, wadda ake karantawa, a rera, a jefar. Don haka duk abin da manazarci yake gani a yau ya rayu ne saboda wani ya ga dacewar ajiye shi.

Mafari

Injin ɗab'i na farko a yankunan da Ingila ta mallaka a Amurka ta Arewa ya fara aiki a garin Cambridge na Massachusetts a 1639, a hannun Stephen Daye. Abin da aka fara bugawa falle ɗaya ne mai ɗauke da rantsuwar zama cikakken ɗan yankin, kuma har yau ba a san inda ko kwafi ɗaya na asali yake ba. Daga baya marsiyya ta mamaye wannan fage. Idan wani malamin coci ko mai faɗa a ji ya rasu, sai a tsara masa baitoci, a buga su da baƙin zane a gefe da hoton ƙoƙon kai ko akwatin gawa, a raba wa masu jana'iza, wani lokaci har a maƙala a jikin makara.

Arhar falle ɗaya ta buɗe ƙofa ga waɗanda ba su da halin buga littafi. Jupiter Hammon, bawa ne a wani gida a Long Island, ya rubuta waƙar addini a ranar 25 ga Disamba 1760, aka buga ta a falle ɗaya, kuma ita ake ɗauka a matsayin waƙa ta farko da wani baƙar fata ya wallafa a ƙasar. Haka kuma Phillis Wheatley, wadda aka kamo tana ƙarama daga Afirka ta Yamma aka sayar a Boston a 1761, ta yi suna ne da marsiyyar da ta yi wa mai wa'azi George Whitefield a 1770. Fallen ya bazu, aka sake buga shi a wasu garuruwa har da Landan, inda littafin waƙoƙinta ya fito a 1773.

Ƙarni na 19

A wannan ƙarni falle ɗaya ya zama kamar jaridar talaka. Kisan kai, gobara, nutsewar jirgin ruwa, rataye mai laifi, zaɓe, duk akan mayar da su baitoci cikin ƴan kwanaki. Yaran da ke rarraba jaridu ma sukan kai wa masu saye waƙar sabuwar shekara a falle ɗaya domin su sami tukuici. A watan Satumba na 1814, lauya Francis Scott Key ya ga yadda jiragen ruwan Ingila suka yi wa ganuwar McHenry ta Baltimore luguden wuta. Baitocin da ya rubuta sun fara fita a falle ɗaya a garin, tare da sunan karin da za a rera su da shi, kuma a 1931 suka zama taken ƙasar a hukumance. Lokacin yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, Arewa da Kudu duk sun cika titi da irin waɗannan takardu, wasu na zuga soja, wasu na makoki, wasu na zambo.

Farfaɗowa a ƙarni na 20

Jarida mai arha, da faifan garmaho, da rediyo sun rage wa falle ɗaya kasuwa, amma ya dawo da ƙarfi a shekarun 1960. A ranar 15 ga Satumba 1963 bam ya kashe ƴan mata huɗu baƙar fata a wata coci a Birmingham ta jihar Alabama. Dudley Randall, ma'aikacin ɗakin karatu a Detroit, ya yi waƙa a kan wannan ta'asa. Da wani mawaƙi ya sa mata kiɗa, sai Randall ya buga ta a falle ɗaya a 1965 domin ya kare haƙƙin mallakarsa. Daga nan aka haifi maɗaba'ar Broadside Press, wadda ta ci gaba da fitar da waƙoƙin Gwendolyn Brooks da Robert Hayden da Margaret Walker da wasu a kan kuɗin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya biya. A San Francisco kuwa, matasa masu adawa da yaƙin Biyetnam sun riƙa rarraba waƙoƙi kyauta a titi.

A daidai lokacin wani reshe ya tsiro, wato fallen da ake bugawa da hannu da baƙaƙen dalma a kan takarda mai tsada, kwafi kaɗan, kowane da lambarsa da sa hannun mawaƙi. Wannan tun daga ranar haihuwarsa abin ado ne na rataya a bango. Ke nan suna ɗaya ya haɗa abu biyu, na titi da na masu hali, kuma wajibi ne mai nazari ya bambance su.

Masu tarawa

Babban misali na farko shi ne Isaiah Thomas, maɗabi'in da ya kafa cibiyar American Antiquarian Society a Worcester a 1812. Ya sayi kimanin falle 300 daga wani mai buga waƙoƙin titi a Boston, Nathaniel Coverly ƙarami, ya ɗinke su wuri ɗaya, ya miƙa wa cibiyar a 1814, domin na baya su san abin da talakawan zamaninsa suke saye. Da bai yi haka ba, da yawa daga cikinsu sun ɓace. Jami'ar Brown da ke Providence tana riƙe da taskar Harris ta waƙoƙi da wasannin kwaikwayon Amurka, wadda aka bar mata wasiyya a 1884, ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar kuma yana da fiye da falle 4,000 na waƙoƙin ƙarni na 19.

Mai tarawa yana duban abubuwa da dama. Takardar da aka yi kafin tsakiyar ƙarni na 19 daga tsummoki take, tana da juriya. Wadda aka yi daga itace bayan nan tana yin rawaya ta gaggautse, har ta kai fallen 1770 yakan fi na 1890 lafiya. Baƙaƙen dalma suna barin gurbi a jikin takarda, wanda yatsa yake ji. Yawancin fallayen ba su da kwanan wata ko sunan mawaƙi, sai a kirdadi shekarunsu daga adireshin maɗaba'a, ko siffar baƙaƙe, ko abin da waƙar take ba da labari. Sama da duka akwai salsala, wato hannuwan da takarda ta bi kafin ta iso.

Darajar salsala ta bayyana a 1985, lokacin da Mark Hofmann, wani dillalin tsofaffin takardu a jihar Utah, ya ce ya tsinci rantsuwar nan ta 1639 a wani kantin tsofaffin littattafai a New York. Aka sa mata farashin dala miliyan ɗaya da rabi. Gwaje-gwajen farko ba su kama shi ba, domin ya yi amfani da tsohuwar takarda da tawadar da ya haɗa da kansa, amma cinikin ya yi ta jan ƙafa. Bashi ya yi masa katutu, ya kashe mutum biyu da bam a watan Oktoba na shekarar, asirinsa ya tonu, ya amsa laifi a 1987. Shekara goma bayan haka aka gano cewa wata waƙa da aka yi gwanjonta da sunan rubutun hannun Emily Dickinson ita ma jabunsa ce.

Amfaninsu ga ɗalibin harshe

Falle ɗaya bai cika bi ta hannun mai tace rubutu ba, don haka yana adana abin da littafi yake gogewa: tsohuwar ƙa'idar rubutu, kalmomin kasuwa da na bariki, da amsa-amon da ke nuna yadda ake furta kalma a wancan zamani. Amma akwai tarko. Waƙoƙi da yawa na ƙarni na 19 da aka rubuta da sunan karin harshen baƙar fata ko na baƙin haure daga Ailan da Jamus, wasu ne suka ƙaga su don ba'a. Wanda ya ɗauke su hujja kai tsaye zai bayyana harshen mai ba'ar, yana zaton na wanda aka yi wa ne.

Kammalawa

Abin da aka sani game da waƙar titi a Amurka ya ratsa ta matata biyu: abin da tsautsayi ya bari, da abin da mai tarawa ya zaɓa. Fallen da ya fi farin jini shi ya fi saurin yagewa a aljihu, wanda aka buga don ado kuwa yana nan garau a cikin gilashi. Manazarcin da ya buɗe akwatin irin waɗannan takardu yana da tambayoyi uku a gabansa kafin ya yanke hukunci: wa ya buga, wa ya ajiye, kuma me ya sa ya ajiye.